Uwar da Na Binne da Bakina

'Yan'uwa cikin Almasihu, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu, mai ceton wawaye irina. Ku ce Amin.

A'a, wannan Amin ta masu jin yunwa ce. Ku ce Amin! Yawwa.

Fasto, na gode da ka ba ni wuri. Dattawa, iyayena mata na zumunta, sannunku. Na san tukunya na jiran wasu a gida, amma ku yi haƙuri da ni. Yau sai na amayar da abin da na haɗiye shekara ashirin da biyu.

Kun san ni da Mushe. Mushe Kwami, mai gyaran injin jirgi a bakin ruwa. To, ku sani ni na jawo wa kaina wannan suna. Da na zo Yelwa daga Togo, ina ɗan shekara ashirin da huɗu, da Faransanci a bakina da ɗan gilashi a ido, na ce wa 'yan jirgi kada wanda ya kira ni bakanike. Na ce su kira ni yadda ake kiran manya a ƙasar Faransanci. Na faɗa musu kalmar, bakinsu ya juya ta, ta koma Mushe. Suka karɓa da murna, har da tafi! Ni kuma ina ta hura hanci. Hausata ta tsere a lokacin, ban san sunan akuyar da ta mutu ba yanka suke kirana da shi ba. Da na gane, girman kai ya hana ni janyewa. Na ce jahilcinsu ne, ba su san wayewa ba.

Ashe su suka fi ni ganin gaskiya.

Ubana mutumin Togo ne. Ya zo nan sayar da koma da ƙugiya tun kifi na kifi a wannan ruwa. Ya auri wata Bakambara daga wani ƙauye a kan tudu, can ƙasar Ngaski. Ita ta haife ni, a ɗakin uwarta. Na zo duniya da yatsa shida a hannun hagu, aka ɗaure na shidan da zare har ya faɗi, uwata ta raɗa mini suna Cindo. Ga tabon nan, ku duba. Wasunku na ce muku farfela ce ta yanke ni. Ƙarya ce.

Ina shekara bakwai auren ya mutu, ubana ya kama hannuna muka tafi Togo. Ɗa na uba ne, haka kowa ya ce, babu wanda ya yi musu. A can ya yi mini takardar haihuwa, aka rubuta cewa a garinsu aka haife ni. Na yi makaranta, na koyi gyaran inji, na karɓi baftisma. Da ya rasu, 'yan'uwansa suka nuna mini ni ɗan baƙuwa ne, sai na ɗauki sifanuna na nufo inda na ji jirage sun yi yawa.

Ga yadda dokar take, don wanda bai sani ba. Mutumin Togo ba a tambayarsa biza a iyaka. Ya shigo da takardar ƙasarsu, yana da kwana casa'in. In kuwa zai zauna ya kafa sana'a, sai ya je ofishin shige da fice ya nemi katin zama, in ya ƙare ya sabunta. Ba wani abin wahala ba ne ga mutum mai hankali.

Ni fa? Ni Mushe guda in je in bi layi da masunta masu ƙarnin kifi? Allah ya kiyaye!

Nan Shaiɗan ya aiko mini da nasa. Wani ɗan iska, Fasto a gafarce ni, na nemi wata kalma ban samu ba, wani ɗan iska da ake kira Oga Hatimi. Baƙar jaka a hammata, biro uku a aljihu, takalmi na sheƙi, kai kuwa fanko. Ko mai sharar ofis bai taɓa zama ba. Amma in ya zo rumfata sai ya ɗan rusuna ya ce, "Mushe, ranka ya daɗe." Shi ke nan, ya gama da ni.

Ya ce, "Irinku manya ba ku zuwa ofis. In ka shiga can, wulaƙanci za ka sha. Kawo hoto biyu, ni zan shiga in fito maka."

Bayan mako guda ya kawo kati a cikin leda, da hatimi ja har biyu. Haka muka yi ta yi, duk lokacin da ya ce ya ƙare in ba shi hoto da abin hannu. Banza ta samu wofi, suka ƙulla zumunci.

Sau ɗaya ya taɓa tambayata, yana cike wata takardar ƙarya, "Uwarka 'yar ina ce?"

Na ce, "'Yar Togo."

Ku riƙe wannan amsa, za mu dawo kanta.

Shekarata ɗaya da rabi a Yelwa labari ya hau tudu cewa Cindo ya dawo. Wata ranar kasuwa, rumfata cike da masu jirage, ina kwance kafiretar inji ina yi musu burga da Faransanci, sai na ga wata mata tsaye a rana. Zane ɗaya ɗaure a ƙirji, ba takalmi, fuska duk tsage. Ga ƙatuwar ƙwarya a kafaɗa, don matan can ba su ɗaukar kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka. Kun san yadda 'yan gari ke dariyar wannan. Ni na fi kowa dariya.

Ba ta kalli fuskata ba. Hannuna na hagu ta kalla.

Ta ce, "Cindo."

'Yan'uwa, na gane ta. Kada wani ya yi mini uzuri ya ce shekaru sun yi yawa. Muryar na shiga kunnena na san ta.

Wani mai jirgi ya ce, "Mushe, wa ke nan?"

Na ce, "Wata ce mai kawo mana itace. Ke, tafi, yau ba mu saye."

Ta tsaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta sauke ƙwaryar a bakin rumfa, ta juya, ta bi ta cikin kasuwa da kafaɗarta wayam. Da mutane suka watse na buɗe: dawa ce, da gyaɗa, da ɗan tulun zuma. Na sha zumar! Ku ji fa, na kori mai zuma na sha zuma. Tir da hali irin nawa.

Ba a nan na tsaya ba. Da na ga Rahila, matata ga ta can, na je neman aurenta garinsu Shanga, iyayenta suka ce sai sun ga nawa. Na ce ubana ya rasu, wannan gaskiya ne. Na ce uwata tana Togo tana jinya. Suka ce to za su jira ta warke. Na ga abin zai ja, sai wata Lahadi na shigo wannan majami'a da jan ido, na ce saƙo ya zo, Inna ta rasu.

Kuka zo mini ta'aziyya. E, ku! Dattijo Bulus, kai ka yi addu'a, har muryarka na rawa. Zumuntar mata suka kawo shinkafa da man ja. Na shimfiɗa tabarma kwana uku ina amsa "sai haƙuri", ina sunkuyar da kai. Matar da ake yi wa gaisuwar mutuwa tana can kan tudu tana noma gyaɗarta. Na cinye shinkafar nan tas.

Shekara goma sha tara ke nan. A cikinsu na zama ɗan ƙungiyar mawaƙa, na zama mai karɓar baƙi a ƙofa. Ina nuna wa mutanen ƙauye bencin baya da ɗan yatsa.

To, rana dubu ta ɓarawo.

Bara, bayan girbi, jami'an shige da fice suka biyo bakin ruwa suna duba takardun baƙi. Masunta 'yan Mali da 'yan Binin suna ta rawar jiki, suna zaro takardu daga cikin leda uku uku. Ni ina zaune ƙafa kan ƙafa ina yi musu dariya. Da aka zo kaina, wata jami'a ce, Hajiya, gajeriya mai tabarau. A raina na ce, wannan ko rubutun za ta iya karantawa? Na miƙa mata katina da yatsa biyu.

Ta duba gaba, ta duba baya. Ta ɗaga shi a rana. Ta ce, "Malam, wa ya ba ka wannan?"

Na ce, "Ofishinku."

Ta ce, "Ofishinmu ya san yadda ake rubuta sunan ƙasar nan. Duba."

Na duba. Harafi guda ya ɓace a sunan Najeriya, a saman kati, da manyan baƙaƙe! Ni mai Faransanci, ni mai gilashi, shekara da shekaru ina yawo da shi a aljihu ban gani ba. Masuntan da nake wa dariya, takardunsu duk na gaske ne. Ni kaɗai aka sa a mota.

A ofis ba wanda ya taɓa ni, ba wanda ya zage ni, har ruwa aka ba ni. Hajiya ta ɗauki biro tana tambaya. Ina aka haife ka? Togo. Uba? Togo, ya rasu. Uwa? Togo, ta rasu. Ko ƙifta ido ban yi ba, ƙarya ta riga ta zama mini numfashi.

Ta ce, "To, ka zauna shekara ashirin da wani abu ba izini, kuma da katin jabu. Laifi biyu ke nan. Na ba ka kwana goma sha huɗu, dattijon majami'arku ya tsaya maka. Ka kawo wanda ya yi maka katin, ko wata hujja. In babu, zan tura takardunka Birnin Kebbi, ƙarshenta kuwa a raka ka iyaka."

Na ce, "Hajiya, matata 'yar ƙasa ce, 'ya'yana uku a nan aka haife su."

Ta ce, "Su ba wanda zai taɓa su. Amma auren 'yar ƙasa ba ya mayar da namiji ɗan ƙasa haka kawai. Kai muke magana."

Na fito na kira Oga Hatimi. Waya a kashe. Na je ɗakinsa, kwaɗo a ƙofa, mai gida ya ce tun shekaranjiya ya kwashe tabarmarsa. Kare ya ji ƙanshin sanda.

Wayyo, 'yan'uwa! Ina zan je? Togo wa nake da shi? Mutanen da suka kira ni ɗan baƙuwa? Rumfata a nan, matata a nan, 'yata ta fari na shirin jarrabawar fita sakandare. Rahila ta daina cin abinci. A bakin ruwa kuwa, mutanen da na raina suka samu abin yi. In na wuce sai wani ya toshe hanci ya ce, "Kai, Mushe ya fara wari." Ban ga laifinsu ba yanzu. A lokacin kam na tsine musu a zuci.

Na yi azumi. Na yi addu'a. Amma ku ji irin addu'ar: "Ubangiji, ka bugi maƙiyana! Ka makantar da Hajiya! Ka sa takarduna su ɓace!" Ina umartar Allah kamar yadda nake umartar mai kawo mini fetur. Kwana takwas, sama shiru.

Rana ta tara akwai addu'ar la'asar a nan majami'a. Fasto ya yi tafiya, Mama Saratu ce ta ja. Mama, ki gafarce ni, yau zan faɗa a gabanki. Na daɗe ina raina ki. Ba ki iya karatu ba, Hausarki ta tudu ce, in kin ja addu'a sai kin fara jero dokokin nan goma da ka, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga awaki. Ran nan da na ga ke ce, na ce a raina, yau ma an ɓata mana lokaci.

Ta fara. Ta ɗaya, ta biyu. Ina durƙushe ina tunanin motar da za ta kai ni iyaka. Ta zo ta biyar, wadda ta ce a girmama uba da uwa. Sai ta tsaya, ta ce, "Wagga doka ita ɗai ta zo da alkawari. Wanda ya riƙe ta, kwanakinshi za su yi tsawo a ƙasar da Allah ya ba shi. A ƙasar! Kun ji? Wanda ya yar da uwa tai, ƙasa ma sai ta yar da shi."

Mama ba ta san komai ba. Ita ma ta kawo shinkafa a wancan lokaci.

Ni kuwa sai na ji kamar an fizge bencin da na dafa. A ƙasar! Saura kwana biyar a fitar da ni daga ƙasa, ga doka tun ina yaro na haddace ta da Faransanci, ban taɓa jin ƙarshenta ba. Na ga matar nan tsaye a rana da ƙwarya a kafaɗa. Na ji bakina yana cewa mai itace ce.

Na faɗi rub da ciki a wannan siminti. Waɗanda ke nan sun ɗauka kukan kati nake yi. Na ce, "Yesu, ni ne mushen. Ba Hajiya ba ce maƙiyiyata, ba Hatimi ba ne. Na kashe uwata da baki na ci sadakarta. Ban roƙe ka ka bar ni a ƙasar nan ba, ban cancanta ba. Ka bar ta da rai kawai in je in durƙusa mata kafin a kore ni." Wannan ce addu'ar gaskiya ta farko da na yi tun da aka yi mini baftisma. Haleluya!

A gindin dalbejiyar nan ta waje na faɗa wa Rahila. Ta dube ni tun daga kai har ƙafa.

Ta ce, "Baban Grace, maimaita." Ita haka take kirana, da sunan 'yarmu.

Na maimaita.

Ta ce, "Shekara goma sha tara ina haihuwa ba surukar da za ta riƙe mini jariri. Ina tausayinka, ina cewa maraya ne. Ashe ba maraya na aura ba, mahaukaci na aura." Ta tofar da yawu a ƙasa. Sannan ta ce, "Gobe da safe za mu tafi. Ba don kai ba, don ita."

Muka shiga mota zuwa Wara, muka hau babur muka hau tudu. Na manta hanya, sai da muka yi ta tambaya. Muka same ta zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa, ta ƙanƙance, kafaɗar dama ta karkace saboda kaya.

Na zube a ƙasa na ce, "Inna."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta dubi Rahila ta ce, "Ɗiyata, sannu da hanya. Wanga mutum itace ya zo saye? Ki ce mai ba mu da shi."

Shekara ashirin da biyu, kalma ɗaya ba ta manta ba!

Na faɗa mata komai, har ta'aziyya, har shinkafa. Ta ce ta sani. Wata mai kai gyaɗa Yelwa ta kawo mata labari tun a makon. Ta ce, "Na ji an yi mini zaman makoki mai kyau. An ce har da waƙa." Ta ba Rahila ruwa, ta ba ta tuwo, ta tambayi sunan jikoki ɗaya ɗaya. Ni ko ruwan ba a miƙo mini ba. Na ce mata korata za a yi, na zo neman gafara ne kafin in tafi. Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Muka dawo. Rana ta goma sha biyu na koma ofis da ƙafata. Na ce, "Hajiya, ban samu Hatimi ba, ba ni da hujja. Amma kafin ki tura takarduna, akwai ƙarya a ciki, ba na so in tafi da ita. Ba a Togo aka haife ni ba, a ƙasar Ngaski ne. Uwata ba ta mutu ba, Bakambara ce, tana ƙauyensu."

Ta ajiye biro. Ta cire tabarau. Ta ce, "Malam, lafiyarka ƙalau kuwa?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Uwarka 'yar ƙasar nan ce, a nan aka haife ka, kana yawo da katin baƙi? Na jabu ma? Ba ka san dokar ƙasa ta ce wanda aka haifa a nan, in ubansa ko uwarsa ɗan ƙasa ne, kai ko kakansa ma, to shi ɗan ƙasa ne ba?"

Na ce, "Hajiya, ai ɗa na uba ne."

Ta ce, "Wannan a gidanku. Doka ta san uwa. In abin da ka faɗa gaskiya ne, ba ka taɓa zama baƙo a ƙasar nan ba ko na kwana ɗaya."

Jama'a, kun ji wauta? Shekara ashirin da uku ina sayen izinin zama a ɗakin uwata, daga hannun ɓarawo! Abin da nake nema a jakar Hatimi yana cikin ƙwaryar da na kora daga bakin rumfa. Tambaya ɗaya aka yi mini, uwarka 'yar ina ce, da na amsa gaskiya da ban ga wannan rana ba. Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har ya rufe mini ido.

Amma Hajiya ba yarinya ba ce. Ta ce, "Ranar farko ka ce ta mutu, yau ka ce tana raye. Bakinka ba hujja ba ne. Ka kawo takardar dagacinsu, ka yi rantsuwa a kotu, ita kuma ta zo da kanta ta ce ita ta haife ka. In ta musa, ka ƙara wa kanka laifi na uku."

Ranar nan na sake hawa tudu, ni kaɗai. Wannan tafiya ta fi ta farko nauyi. Na faɗa wa Inna abin da aka ce.

Ta yi dariya, irin dariyar da gara mari da ita. Ta ce, "Af! Ashe abin da ya kawo ka ke nan. Na ce mi ya sa mushe ya yi motsi."

Na rantse mata ban sani ba sa'ad da na zo da farko. Ta ce, "Kai da rantsuwa. To ni na mutu. Matacce na shaida?"

Na ce, "Inna, in ba ki zo ba ma ban ga laifinki ba. Zan tafi Togo, Rahila za ta riƙa kawo miki yara." Na tashi.

Na kai bakin shinge ta ce, "Tsaya. Jibi kasuwar Yelwa. Ina da dawa da zan kai. Ni kafaɗata ta gaji."

Rana ta goma sha huɗu ke nan, ranar kasuwa. Na je tasha na tarye ta. Ta nuna mini ƙwarya, babba, cike da dawa. Na kai hannu zan ɗora a ka, ta ce, "A'a. Ba haka muke ɗauka ba."

Na ɗora a kafaɗa.

Ba ta bi gajeriyar hanya ba, tsohuwar nan! Ta bi da ni ta layin masu kifi, ta layin masu koma, ta gaban 'yan acaɓa, har bakin ruwa. Ita a gaba ba takalmi, ni a baya da gilashina, dawa na zuba mini a wuya. Kasuwa ta ɗauki ihu: "Ku zo ku ga Mushe ya zama Bakambara!" A daidai bakin rumfata ta tsaya. Masu jirage suka taru. Wani tsoho cikinsu, wanda yake nan a wancan karon, ya ce, "Mushe, wa ke nan?"

Na ce, "Uwata ce. Ita ta haife ni. Ƙarya na yi muku."

Ta ce, "Ban ji ba, kunnena ya tsufa."

Na faɗa da ƙarfi, har na tsallaken ruwa ya ji.

A ofis Hajiya ta tashi ta ba ta kujera, ta ce, "Inna, wannan ɗanki ne?" Sai Inna ta kamo hannuna na hagu, ta juya shi, ta ɗora babban yatsanta a kan tabon. Ta ce, "Da zaren zanena na ɗaure wanga yatsa. Kwana huɗu yana kuka kafin shi faɗi. Nawa ne. Ba shi da kirki, amma nawa ne."

Aka kawo tawada ta dangwala. Ta dubi Hajiya ta ce, "Ki rubuta a ƙasa, matacciya ce ta sa hannu."

Hajiya ta yi dariya har da hawaye. Ni hawayen kawai na yi.

Kada ku ɗauka a nan aka ce in tafi gida. Katin jabu laifi ne ko a hannun wa aka same shi. Na kawo takardar dagaci, na yi rantsuwa a kotu, na rubuta bayani, na yi ta zirga-zirga Birnin Kebbi wata biyar, aka ja mini kunne sosai, kuma na cancanta. Hatimi har yau ba a gan shi ba, yana can wani gari da bironsa uku yana neman wani wawan mai gilashi. In kun gan shi ku ce Yesu na kiransa, jami'ai ma suna kiransa. Amma a watan jiya takarda ta fito. Ga ta nan. Ɗan ƙasa ta haihuwa. Babu mai raka ni iyaka. Ku yabi Ubangiji!

'Yan'uwa, wanda ke da takarda a hannun ɗan bakin ofis, ya je ofis da ƙafarsa, layi ba ya kashe mutum. Wanda kuma ya binne wani da rai, ya san kansa, ya je ya tono shi tun ƙasa ba ta binne na gaske ba. Ku dogara ga Yesu. Ni na roƙe shi ya ɓatar da takarda, ya ƙi. Ya jira har na roƙi abin da ya kamata, sannan ya ba ni har da wanda ban roƙa ba. Godiya ta tabbata gare shi.

Inna ba ta bin Yesu tukuna, tana kan al'adar iyayenta, ku sa ta a addu'a. Ban ce ta gama yafe mini ba, don har yau in na gaishe ta sai ta tambayi Rahila wane ne. Amma yau ta zo. Ta ƙi shigowa, ta ce za ta zauna a gindin dalbejiya kusa da taga, ta ji ko zan faɗi daidai ko zan rage.

Saboda haka, Dattijo Bulus, da iyayena mata da kuka kawo shinkafa da man ja, in an tashi kada ku wuce. Wadda kuka zo mini ta'aziyyarta tana nan waje. Ku je ku gaishe ta.

Kuma daga yau kada wanda ya sake ce mini Mushe. Cindo ne sunana, ɗan Bakambara.

Cikin sunan Yesu. Amin.